Hoto Ɗaya Kowane Mako: Tsakanin Gaskiya da Rufin Asiri

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A da, idan mutum ya yi tafiya mai nisa ya dawo, bakinsa ne kaɗai shaidarsa. In ya ga dama ya ƙara wa labarinsa gishiri, masu sauraro kuwa su rage abin da suka ga ya yi yawa, domin kowa ya san halin matafiyi. A yau matafiyi ba ya jiran ranar dawowa. Yana tsaye a bakin titi a wata ƙasa zai ɗauki hoton abin da ke gabansa, kafin ya mai da waya aljihu mahaifiyarsa ta gani. Ita kuwa ba za ta rage komai ba, tunda a ganinta ba labari aka ba ta ba, da idonta ta gani.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata tambaya da wani tsohon ɗalibinmu ya aiko mana. Haifaffen Mugulbu ne, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu ta Jihar Adamawa, ya kuma sami gurbin ƙaro ilmi a birnin Hambug na ƙasar Jamus. Ɗaukar hoto ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Da hunturu ya kama, rana ta koma faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, kaɗaici ya dame shi, sai ya sayi wata 'yar kyamara ta gwanjo ya ɗaukar wa kansa alkawari: kowane mako zai fita ya ɗauko hoto ɗaya tak, har makonni 52 su cika, kuma kowace Juma'a zai aika da shi gida. Mu ma yakan sako mu cikin waɗanda yake aika wa.

Mun ga dusar ƙanƙara a kan kujerun lambu. Mun ga manyan jiragen ruwa a Kogin Elbe, da agwagi a tafkin da ke tsakiyar birni, da takalman masallata jere a ƙofar wani masallaci. A mako na 19 hoto bai zo ba, sai wasiƙa.

“Allah ya gafarta Malam,” in ji shi, “jiya a kusa da babbar tashar jirgin ƙasa na ga wani dattijon Bature, ya kai saba'in, ya zura hannu cikin kwandon shara yana neman kwalabe. A nan ana biyan santi 25 a kan kowace robar lemo ko gwangwani idan aka mayar kanti, da wannan wasu tsofaffi ke cike giɓin fanshonsu. Na ɗaga kyamara na saita, sai ya ɗago kai muka haɗa ido. Na kasa dannawa. Amma Malam, makonni 18 ke nan ina nuna wa mutanen gida kyawawan abubuwa kaɗai, ga shi ƙanena ya fara maganar bin hanyar Agadas. Shin ban ci amanarsu ba da na bar wannan hoton?”

Wannan ita ce tambayar da muke so mu tattauna, domin ta fi ƙarfin mutum ɗaya da kyamararsa.

Haƙƙin na gida

Mu fara da ba ɗalibin namu gaskiyarsa. Kowane hoto yana da kusurwa huɗu, abin da ke wajensu kuwa mai kallo ba ya ganinsa, bai ma san akwai shi ba. Saboda haka mai ɗaukar hoto yana iya yaudarar mutane ba tare da ya nuna musu abin da babu ba. Hotunan nan 18 kowannensu gaskiya ne, ƙanƙarar ta sauka, jiragen suna nan. Amma idan aka jera su wuri ɗaya, sai su ba da labarin wata ƙasa wadda babu yunwa a cikinta, babu tsufa, babu wulaƙanci. Misalinsa kamar mai shaida ne a gaban alƙali wanda bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ya dai zaɓi rabin da zai faɗa.

Wani zai ce ai ado a hoto ba yau aka fara ba. Haka ne. Shahararren mai ɗaukar hoton nan na Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan ara wa masu zuwa wurinsa rediyo ko agogo ko babur su tsaya da su a ɗauke su. Mu ma da muka taso a garuruwanmu mun san shagunan masu hoto, inda ake rataya wani ƙyalle mai zanen gidan sama ko jirgin sama, yaro ya tsaya a gabansa ranar sallah ya riƙe furen roba. Sai dai a can babu wanda aka yaudara. Mai hoto ya san aro ne, wanda aka ɗauka ya sani, kakar da za ta maƙala hoton a bango ita ma ta sani. Kwalliya ce wadda kowa ya san ƙa'idarta. Hoton ɗan ci-rani da ya jingina da motar da ba tasa ba a wani titin Turai kuwa daban yake, domin yaron da ke kallonsa a ƙauye ba shi da hanyar da zai gane cewa kayan aro ne.

Sakamakon wannan ba ƙarami ba ne. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙidaya fiye da mutum 5,000 da suka mutu ko suka ɓace a Tekun Bahar Rum a shekarar 2016 kaɗai, ban da waɗanda hamada ta cinye kafin su kai bakin ruwa. Ba mu ce hoto ne ya kashe su ba. Fatara da rashin aiki da rashin tsaro su ke korar matashi daga gida. Amma idan waɗannan sun tashe shi tsaye, hoton da ke cikin wayarsa yana cikin abubuwan da ke nuna masa inda zai dosa. Don haka wanda ya riga ya isa can yana ɗauke da wani nauyi, tunda ya zama idon waɗanda ya baro. Damuwar ɗalibin namu tana bisa hanya.

Haƙƙin wanda aka ɗauka

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, wanda ya taɓa aikin mulki a Lardin Adamawa, a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Cikin halayen da ya lissafa akwai gaskiya da amana da kunya da mutunci. Jera waɗannan halaye a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar tana zuwa ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo a mararraba, kamar yadda gaskiya da mutunci suka yi karo a gaban wancan kwandon shara.

Mu lura da addu'ar da talakanmu ya fi yawan yi. Kafin ya roƙi dukiya, rufin asiri yake roƙa. Ma'anarsa kuwa ita ce ko da babu, kada rashin ya fito fili har ya zama abin nuni. Wani zai ce dattijon da ke tonon shara a bainar jama'a wane asiri ya rage masa? Muna ganin da saura. Ɗaruruwan mutanen da ke wucewa suna ganinsa, amma ido yana mantuwa, kafin su kai gida fuskarsa ta ɓace musu. Wannan mantuwar ita ce suturar da ta rage masa, ita ce kuma kyamara take yayewa. Da zarar an danna, wannan daƙiƙar ta tsaya cik. Za ta isa Mugulbu, ta bi waya zuwa waya har Mubi da Yola, a riƙa cewa ku zo ku ga Bature yana tonon bola. Idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikin wannan kallo akwai ɗan daɗin ramuwa, wato mu ma yau mun ga naku. Dattijon kuwa bai ci bashin da za a rama a kansa ba.

Mutumin ƙasar Mubi ya fi kowa cancantar ya fahimci wannan, domin tarihin yankinsa cike yake da idon baƙo. A 1851 Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa ta Mubi a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, yana rubutu yana zane. Shi ma ɗan Hambug ne, a can aka haife shi a 1821. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba, amma abin da ya rubuta ya zama madubin da Turai ta riƙa kallonmu a ciki. Bayansa sai masu bindiga suka zo, da kyamarori a cikin kayansu. A farkon ƙarni na 20 Mubi ta faɗa ƙarƙashin mulkin Jamus a matsayin wani yanki na Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da ita Nijeriya. A tsawon zamanin mulkin mallaka an ɗauki hotunan mutanen Afirka masu ɗimbin yawa, aka mai da wasu katin gaisuwa, aka rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashinsu maimakon sunan mutum.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci Jamusawa sun san zafin abin a gidansu. Otto von Bismarck, wanda ya karɓi baƙuncin taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda aka shata ƙa'idojin rabon Afirka, ya mutu a Yulin 1898 a gidansa da ke kusa da Hambug. Cikin dare wasu masu hoto biyu, Willy Wilcke da Max Priester, suka ba mai gadi toshiya, suka shiga ta taga, suka ɗauki hoton gawarsa da niyyar sayarwa. Iyalansa suka kai ƙara, aka ƙwace hoton, aka ɗaure mutanen biyu. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka share fage ga dokar 1907, wadda ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, in ban da wasu 'yan togace-togace. Dokar tana aiki har yanzu. Wato a shekarar da aka tabbatar wa Bajamushe cewa fuskarsa mallakarsa ce, Mubi tana ƙarƙashin tutar Jamus, amma wannan karamci bai ƙetaro teku ba.

Ba sai mun tsaya ga tarihi mai nisa ba. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kame Mubi, jama'ar gari da ta ƙauyukan kewaye suka watse, wasu suka bi duwatsu a ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. Ɗalibin namu ya taɓa gaya mana cewa bayan ƙura ta lafa ya ga hoton wata gwaggonsa a takardar neman taimako ta wata ƙungiyar agaji, tana tsaye a layi da kwano a hannu, ba mayafi. Mace ce wadda a gida ko ƙofar zaure ba ta leƙawa sai ta yafa gyale. Ba wanda ya tambaye ta, har ta rasu ba ta san fuskarta ta yi yawo a duniya ba. Muna kyautata zaton cewa wannan hoton ne ya riƙe masa yatsa a tashar jirgin ƙasa, ko da shi bai lura ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ya wajabta mana mu saurari mai ja da wannan magana, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Zai ce da kowa ya sauke kyamararsa don kunya, da wahalhalu da yawa sun wuce ba wanda ya sani. A 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ga ungulu tsaye a bayansa, hoton ya girgiza duniya. A Satumban 2015 hoton gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya a gaɓar tekun Turkiyya ya motsa zukatan da alƙaluma suka kasa motsawa. Zai ƙara da cewa ko abincin da aka zuba wa gwaggo a kwanon nan, wataƙila irin wannan hoton ne ya jawo shi. Kuma azzalumi ma yana son rufin asiri, hasali ma ya fi kowa so.

Mun yarda da wannan, amma da sharaɗi. Rufin asirin da muke karewa na mai rauni ne, wanda tonon ba zai ƙara masa komai ba sai ƙasƙanci. Mai ƙarfin da ke cutar da jama'a a ɓoye ba ya cikin wannan rumfa. Sannan ko a kan mai raunin, malaman fiƙihu sun koya mana cewa larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta gwargwadonta. Idan rayuka suna salwanta, babu kuma wata hanyar kiran agaji sai a nuna fuska, to an shiga babin larura. Duk da haka wanda ya nuna ɗin bai fita da hannu wankakke ba. Carter ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 1994, amma tambayar da mutane suka yi ta jifansa da ita ita ce, me ka yi wa yaron bayan ka ɗauka? A cikin wannan shekarar ya kashe kansa, ko da yake damuwoyinsa sun fi wannan hoton yawa.

To, mu auna dattijonmu da wannan ma'auni. Idan hotonsa ya isa Mugulbu, me zai samu? Ba wanda zai aiko masa da ko sisin kwabo. Amfanin duka na wasu ne, shi kuwa an mai da shi allon da za a koya wa yara darasi a kai. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya yi bayani tun a 1785 cewa bai halatta a ɗauki ɗan Adam a matsayin makamin cim ma buƙata kawai ba, komai kyan buƙatar. Iyayenmu da ba su karanta Kant ba sun isa ga wannan matsaya ta hanyar da ta fi gajarta, inda suke cewa abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Sauran tambaya ɗaya: shin babu wata hanyar da za a gaya wa na gida gaskiya sai ta kan wannan bawan Allah?

Abin da ya biyo baya

Amsar da muka ba ɗalibin namu gajeriya ce. Mun ce masa a al'adarmu sallama ake fara yi kafin a shiga gidan mutum, fuska kuwa ta fi gida kusa da mai ita. Ya koma ya gaishe shi, ya nemi izini. In ya yarda, to ya ba da abinsa da hannunsa. In ya ƙi, magana ta ƙare.

Sai bayan mako biyu ya sake ganinsa. Ya gaishe shi da ɗan Jamusancin da ya iya, suka tsaya suka yi hira. Da ya kawo maganar hoto, dattijon ya girgiza kai ya ce yana da jikoki. Ɗalibin ya yi godiya ya tafi. Hoton da ya aiko a wannan makon na wasu kwalabe biyar ne jere a gindin kwandon shara. Ya bayyana cewa wasu mazauna birnin sun saba ajiye kwalabensu a gefen kwandon maimakon su jefa ciki, don kada mai nema ya sha wahalar tonawa. Hoton ya nuna akwai masu nema, ya kuma nuna akwai masu tausaya musu, ba tare da an ga fuskar kowa ba.

Amma hoton mako na gaba shi ne ya koya mana abin da mu kanmu ba mu hango ba. Hannuwa ne guda biyu a cikin kumfar sabulu, fatarsu duk ta tsattsage, ga tulin faranti a gefe. Hannuwansa ne. Ashe tun zuwansa yana wankin kwanuka da dare a wani gidan abinci don ya cike kuɗin haya, bai kuma taɓa gaya wa kowa a gida ba. A ƙarƙashin hoton ya rubuta mana cewa: “Malam, na gane cewa na so in faɗi gaskiya ne da asirin wani, alhali ina ɓoye nawa.”

A nan muke ganin bakin zaren yake. Gaskiyar da ta wajaba a kan ɗan ci-rani ya gaya wa na gida ita ce ta rayuwarsa shi kansa, tunda ita suke kwaɗayi, ita kuma ƙanensa yake so ya kwaikwaya. Hoton tsohon Bature zai iya ba su dariya ko mamaki, su ce wannan ai tasa ƙaddarar ce. Hannun ɗan'uwansu kuwa ba su da yadda za su kau da kai daga gare shi. Nuna wahalar baƙo ba ya cin mai nunawa komai, shi ya sa yake da sauƙi. Nuna ta kai kuwa sai an biya da girman da ake gani da shi a gida.

Ba za mu ce maganar ta ƙare lafiya lau ba. Mahaifiyarsa ta yi kuka da ta ga hoton, ta kuma roƙe shi kada ya bari maƙwabta su gani, domin ta riga ta gaya musu ɗanta yana karatun zama babban mutum. Wannan ya tuna mana cewa a wurinmu asirin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai, iyaye da dangi suna da kaso a ciki. Ya bi umurninta, hoton bai wuce 'yan ɗaki ba, mu ma sai da ta amince muka ambace shi a nan ba tare da suna ba. Ƙanen nasa dai ya gani. A daren ya kira shi, ya yi masa tambayar da bai taɓa yi ba tun tafiyarsa: “Yaya, wai nawa kake biyan kuɗin ɗakin nan?”

Kammalawa

Mun kawo wannan labari a mujallar ƙagaggun rubuce-rubuce ne saboda alƙalami ma yana yin aikin kyamara. Kowace shekara ɗalibanmu suna kawo mana labarai da waƙoƙi a kan almajirai da zawarawa da 'yan gudun hijira, sau da yawa kuma mutanen da suka sani ne, sunan kawai aka sauya. Muna ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba, domin adabin da ya rufe ido ga wahalar jama'a bai cika aikinsa ba. Amma muna so kowannensu, kafin ya sa alƙalami a takarda, ya tambayi kansa ko wanda zai rubuta a kansa zai yarda da ya sani, ya kuma tambayi kansa me shi ya ɓoye na kansa a cikin labarin.

Ɗalibin namu ya cika makonninsa 52. Hoton ƙarshe da ya aiko na tagar ɗakinsa ne, an ɗauka daga ciki, ana ganin gefen ɗan siririn gadonsa da tukunya ɗaya a kan teburi, ta cikin gilashin kuma ana hango fitilun birni. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.